Da Shago Ya Riski 'Yan Damben Yau

A Abare ta ƙasar Anka akwai gardamar da ta girmi wayar hannu, zuwan wayar kuma bai kashe ta ba, sai ma wuta da ya ƙara mata. Tun da rashin tsaro ya sa taron dare ya yi wuya a tsakanin Anka, Gummi da Bukkuyum, damben da aka fi kallo shi ne na cikin waya, wanda aka ɗauko daga gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko daga Kano. Samari su kewaye teburin mai shayi suna kallon Ebola na Kudu, ko Garkuwan Cindo na Guramada, ko Ali Ƙanin Bello na Arewa. Can sai wani dattijo ya leƙo, ya ja tsaki.

"Kai yara, mi kunka sani ga dambe? Waɗanga naku, da Shago ya ishe su, ko guda ba shi bari tsaye."

"To Baba, kun taɓa ganinai da idonku?"

"Ni ban ganai ba. Amma Ɗan'anace ya ganai."

Amsar nan ta ƙarshe ita ce bakin zaren, domin Shago ɗan damben zamanin da ne, Ɗan'anace kuma makaɗin da ya yi masa waƙa. Sai dai mai son warware irin wannan gardama gara ya fara gwada dabararsa inda shaidu suka yi yawa, ya ga ko tana ci. Wurin kuwa shi ne boksin, damben Turawa, inda fiye da shekara 100 ke nan ana rubuta ranar karo, da nauyin kowa, da hukuncin alƙalai, ga kuma fim. A cikin boksin ɗin ma ajin matsakaita nauyi ya fi dacewa. Iyakarsa laba 160 ce, wato kilo 72 da rabi, haka take tun zamanin kakanni. Ajin manya ba shi da iyaka, shi ya sa kwatance ke lalacewa a can: Rocky Marciano da kilo 85 yake shiga fili a shekarun 1950, Tyson Fury na zamanin nan ya haura 120. A matsakaita kuwa sikeli ya riga ya daidaita kowa. Ga shi kuma muna da namu a ciki.

Dick Tiger sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo ta ƙasar Ibo a 1929. Ya tafi Liverpool ta Ingila a 1955, aka yi masa maraba da kaye huɗu a jere, bai tattara ya dawo gida ba. A Oktoban 1962 ya karɓe kambun duniya daga hannun Gene Fullmer a San Francisco. Suka sake a Las Vegas aka tashi kunnen doki, sannan ranar 10 ga Agustan 1963 aka kawo karo na uku filin wasa na Liberty da ke Ibadan, karon farko da aka yi damben kambun duniya a Najeriya. Fullmer irin mutanen nan ne masu sunkuyar da kai su kutso, su manne da kai suna turawa har ka gaji. Tiger gajere ne, santimita 173, kuma bai iya ja da baya ba. Duk kutsowar da Fullmer ya yi sai ya tarar da hagu tana jiransa. Bayan turmi na bakwai fuskarsa ta farfashe, mutanensa suka ce a bari haka. Bai sake shiga fili ba.

Tambayar da masu son boksin a ƙasar nan suka daɗe suna jujjuyawa ita ce: da Tiger na 1963 ya haɗu da Marvin Hagler fa? Hagler bahago ne ɗan Amurka mai aske kai tal, ya riƙe wannan kambu daga 1980 zuwa 1987, ya kare shi sau 12. Faɗuwa ɗaya aka taɓa rubuta masa, a karonsa da Juan Roldán a 1984, ita ma har ya rasu a 2021 yana cewa santsi ne.

Wanda ya taɓa iƙirarin ya samo maganin irin wannan gardama wani mai shirin rediyo ne a Miami, Murry Woroner. A 1967 ya tara ra'ayin masana boksin a kan ƙarfin naushi da sauri da juriyar gwanaye 16 na ajin manya, aka zuba wa kwamfutar NCR 315, ta fitar da yadda kowane karo zai kaya, aka karanta wa masu sauraro tamkar a bakin fili ake. Ta ce Jim Jeffries, zakaran farkon ƙarni na 20, ya doke Muhammad Ali. Ali ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 1. A 1968 aka yi na matsakaita, kwamfuta ta naɗa Sugar Ray Robinson. Ba wanda ya yi mamaki, tunda masanan da aka tambaya dama shi ne gwaninsu, abin da aka ɗura mata shi ta amayar. Asirinta ya tonu a 1970, da aka ba ta karon da za a yi da gaske. Ta ce Bob Foster zai kwantar da Joe Frazier a turmi na shida. Frazier ya gama da shi a na biyu.

Dabara ta biyu ta fi kama hankali, ita ce ma dattawanmu ke bi ba tare da sun raɗa mata suna ba: a nemo wanda ya kara da wannan, ya kuma kara da wancan. Tsakanin Tiger da Hagler tazarar ba ta da yawa, mahaɗinsu Emile Griffith ne. Shi ya raba Tiger da kambu a New York a Afrilun 1966, har ya kai shi ƙasa a turmi na tara, abin da ba a taɓa yi masa ba, ko da yake da yawa daga 'yan jaridar bakin fili sun ga Tiger ne ya ci. Ya sake cin sa a 1970. Griffith ɗin nan kuma Vito Antuofermo ya ci shi a 1974, Alan Minter ya ci shi a 1977. Hagler ya yi wa Minter jina-jina cikin turmi uku a Wembley a 1980, ya tsayar da Antuofermo a 1981. Lissafi ya fita ke nan: Hagler ya fi Minter, Minter ya fi Griffith, Griffith ya fi Tiger. A kaɗe riga a tafi gida.

A'a, a dakata, a ja sarƙar ta ɗaya gefen. Tiger ya ci Fullmer sau biyu. Fullmer ya ci Sugar Ray Robinson sau biyu, a 1957 da 1961. Ashe Tiger ya fi Robinson, Minter kuma ya fi su duka? Ko a Ingila, ƙasar Minter, ba mai faɗin haka da rana tsaka. Ga wata kuma. A Mayun 1969 Tiger, yana da shekara 39, ya ci Nino Benvenuti na Italiya da maki, alhali Benvenuti ne ke riƙe da kambun matsakaita a lokacin (ba a sa kambun a karon ba). Benvenuti kuwa ya ci Griffith biyu cikin uku. Griffith ya fi Tiger, Tiger ya fi Benvenuti, Benvenuti ya fi Griffith. An dawo inda aka tashi.

Ɓarakar a shekaru take. Griffith da ya ci Tiger yana da 28, Tiger na da 36. Griffith da Minter ya ci yana da 39, karonsa na ƙarshe ke nan. Robinson da Fullmer ya ci a 1961 yana gab da cika 40. Duk wanda ya haɗa zamani biyu, na farko ya riske shi yana tashe, na biyu ya riske shi ya gaji. Kamar ka auna geron bara da na bana ne da tiya ɗaya, alhali tiyar ta lotse a tsakani. Don haka in tsohon ɗan dambe ya ce maka ya sa zare da na da, ya sa da na yanzu, kuma na yanzu sun fi zafi, ka tambaye shi shekarunsa a karo na biyun. In kuma ya ce na da sun fi, ka tambaye shi ko yana ɗanyen yaro ne ya shiga hannunsu.

Abin da ya rage shi ne a zauna a kalli fim, a ajiye zancen wa ya ci wa, a duba da me aka ci mutum. A nan tarihin Tiger a bayyane yake. Duk wanda ya tsaya gabansa ya ce a yi musaya ya ji a jikinsa: Fullmer, da Rubin Carter da ya kai ƙasa sau uku a Mayun 1965. Masu ƙafa ne suka hana shi sakat. Joey Giardello ya karɓe kambunsa a Atlantic City a Disambar 1963 da kewaye kawai: ya taɓa ya goce, ya taɓa ya goce, har turmi 15. Joey Archer ya yi masa irinta a 1964. Tiger sai ya dasa ƙafa naushinsa ke fita, wanda ya hana shi dasawa ya zare masa rabin ƙarfi. Ya dai karɓo kambunsa daga Giardello a 1965, kada a ce ba ya gyara kuskure.

To wane Hagler ne zai zo? Akwai na Afrilun 1985, wanda ya rufe ido ya afka wa Thomas Hearns, jini na zuba a goshinsa, aka gama cikin turmi uku. Akwai na 1986 da ya tsaya ƙirji da ƙirji da John Mugabi na Yuganda har turmi na 11. In wannan ne ya zo, Tiger ya samu abin da yake so, kowa na iya ci. Amma akwai na Agustan 1978 a Philadelphia, ranar da ya haɗu da Bennie Briscoe, dunƙulallen mutum mai kutsowa irin Tiger. Ranar Hagler bai yarda an yi musaya ba. Ya yi ta kewaye yana caka hannun dama, har turmi goma suka cika ya ci da maki. Briscoe na da shekara 35 a lokacin, don haka sakamakon ba abin kafa hujja ba ne. Tsarin da Hagler ya zaɓa shi nake dubawa. Wannan karo da ba kasafai ake tuna shi ba ya fi sauran nauyi a wurina. Wanda ya san ya yi wa Briscoe haka ba zai manta ba ranar da ya ga Tiger a gabansa, ga shi hannunsa ya fi na Tiger tsawo. Hukuncina: turmi 15 cur, ba wanda ya faɗi, Hagler ya ci da maki, ya kwana ana gasa masa haƙarƙari.

Na iya yanke haka ne don su biyun kusan doka ɗaya suka bi: a auna ka da safe, ka yi dambe da dare. Da za a sako ɗan boksin baya-bayan nan irin Gennady Golovkin na Kazakistan sai lissafi ya rikice. Bayan mutuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a Nuwambar 1982, sanadin dukan da ya sha a hannun Ray Mancini har turmi na 14, an rage karon kambu daga turmi 15 zuwa 12, awo kuma ya koma jajibirin karo. Ɗan boksin yau sai ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli da laba 160, ya kwana yana ci yana sha, ya shigo fili ya ƙara kilo da dama. Sunan ajin bai sauya ba, mutanen cikinsa sun ƙara girma.

Sai wanda ya fi kowa kama da matsalarmu, Harry Greb na Pittsburgh. Ya riƙe kambun matsakaita daga 1923 zuwa 1926, ya yi karo kusan 300, 45 daga ciki a 1919 kaɗai. Shi kaɗai ya taɓa cin Gene Tunney, shekarunsa na ƙarshe kuma da ido ɗaya ya yi su. Fim ɗin karonsa ko ɗaya bai fito ba har yau. Abin da ake da shi ɗan guntun hoton atisaye ne, wanda in ka kalla sai ka ce wannan ko a kasuwar Anka ba zai kai labari ba. Masu bin takarda suna sa shi a sahun farko, masu bin ido suna taɓe baki. Amma shi Greb yana da takardar, har ranakun da aka ci shi suna rubuce.

Na Shago kuwa, abin da ke yawo a hannun jama'a daga kaset zuwa memori shi ne waƙar Muhammadu Bawa Ɗan'anace. Ni ba na cikin masu raina ta a matsayin shaida. Makaɗin dambe a bakin fili yake tsaye, yana ganin abin da na nesa ba ya gani, kuma ba zai shekara yana wasa wanda jama'a suka san rago ne ba, da an yi masa dariya a kasuwa. Sunan Ɗandunawa ma, da ba a raba shi da na Shago, yana gaya mana wani abu: Shago yana da abokin karo, akwai ranar da mutanensa suka nufi fili gabansu na faɗuwa. Sai dai makaɗi aikinsa zuga. Ba don ya riƙe lissafi ake yi masa kyauta ba, ranar da ubangidansa ya sha ƙasa kuwa ba ita ake kai wa gidan rediyo ba. Waya ba ta da wannan kara. Gwanin yau in guiwarsa ta taɓa ƙasa a Dei-Dei da yamma, kafin lisha yaran Abare sun gani, sun maimaita, sun rage gudun hoton sun nuna wa juna inda ya yi sakaci. Dattijon da ke ja wa samari tsaki yana gwada mutumin da aka tace ne da mutumin da aka ɗauko da tsakuwarsa.

Ko an kawar da wannan, dokar dambenmu kanta ba ta yarda a yi masa lissafin boksin. A boksin in ka faɗi ana ƙirga maka goma, ka tashi ka rama, turmi 12 na minti uku-uku kuma sun ishi gwani ya nuna gwanintarsa. A namu, hannu ko guiwa ta taɓa ƙasa an kashe ka, magana ta ƙare. Ka dubi yadda ake shiga. An naɗe dunƙulen da ƙyalle, an bi shi da zare zagaye bayan zagaye har ya yi tauri, an ja shi can baya. Ɗaya hannun a miƙe, tafi a buɗe, yana auna tazara yana tare ido. Makamin ɗaya ne, wanda ya sake shi ya kuskure kuwa ya buɗe kansa. Shi ya sa in manya biyu suka haɗu sai ka ga ana ta auna juna, a kai hannu a rungume, alƙali ya raba, kalangu na ta kuka, turmi uku su wuce. Mai bin labarin dambe a rediyo ya san yadda rahoton manyan karo ya saba ƙarewa: babu kisa. Inda aka ga kisa da wuri, yawanci ko an haɗa babba da yaro ne, ko wani ya yi gaggawa.

Zamani ma ya sauya aikin. Dambe asalinsa na kaka ne: an kai amfani gida, mahauta da samarin gari su bi ƙauyuka ana shagali, in damina ta faɗi kowa ya kama fartanya. Na yau sana'a ce ta shekara, a gidan da ake biyan kuɗin ƙofa, ana gasar babur da mota. Wanda ke shiga fili haka ya ga salo iri-iri, ya saba da bahago ya saba da dogo, amma jikinsa ya fi shan duka, hannunsa ya fi gajiya. Abin da ya samu a nan ya rasa a can. Abu guda na ga ya karkata, kuma wajen Shago ya karkata. Da za a haɗa su, Shago na iya zama ya kalli Ebola a waya har ya haddace lokacin da yake sauke garkuwa. Ebola ba shi da abin kallo. Waƙa kawai gare shi, wadda kowane ɗan dambe ya tashi yana ji, ba ta kuma taɓa nuna wa kowa ta inda ake shigar mutumin ba. Wanda ya san dambe ya san ana kashe mutum tun a wurin kirari.

Duk da haka, in aka matsa mini, haɗuwar farko turmi uku ce babu kisa, kowane ɓangare ya watse yana cewa nasa ne ya fi kai hannu. In aka yi ta maimaitawa kowa zai sha ƙasa, Shago ya ɗan fi yawan kisa a farko-farko, kafin tsoro ya saki abokin karonsa.

Abu ɗaya zai rushe wannan hukunci, shi ne girman jiki, wanda damben da bai taɓa aunawa ba. Sai a 'yan shekarun nan masu shirya gasar zamani suka shigo da sikeli suna raba aji-aji. A da, in ka ji za ka iya, ka fito. Tiger ma abin da ya kayar da shi ke nan. Da ya bar matsakaita ya hau aji na gaba, ya ci José Torres a Disambar 1966 ya ɗauki kambu na biyu. A Mayun 1968 aka haɗa shi da Bob Foster ɗin nan, dogo mai santimita 191. Mutumin da Fullmer da Carter suka kasa kayarwa, hagu Foster ya sauke masa a turmi na huɗu, aka ƙirga goma bai miƙe ba. A damben hannu ɗaya kuwa tsawon hannu ya fi haka tasiri. Saboda haka in Allah ya sa akwai tsohon mahaucin da ya rage a Anka ko Gummi ko Talatar Mafara wanda ya taɓa tsayawa kusa da Shago, kada a ɓata masa lokaci da tambayar wa ya fi wa, an san amsar da zai bayar. A ce masa: Baba, da kuka tsaya kusa da shi, kanku ina ya kai masa?